Wa Ya Tuƙa wa Alhaji Tuwo?

Ni ne auta a gidanmu, kuma Allah bai ba Innarmu 'ya mace ba, maza zalla ta jero. Yayyena da sun sha koko sai su fice filin ƙwallo, ni kuwa ina manne da ita a bakin murhu. Tun ban fi tsawon taɓarya ba na san yadda ake yi wa tuwo talge, na san lokacin da ake kaɗa kuka, na san daddawa ba ta son gaggawa. Inna ba ta taɓa cewa zo in koya maka ba. Aike ne kawai: miƙo ludayi, iza wuta, riƙe min muciyar nan in gyara ɗankwali. Kafin ta gama ɗaurin na gama tuƙin, sai ta dubi tukunya ta dube ni ta ci gaba da aikinta.

Wani yaron maƙwabta ne ya kashe min wannan jin daɗi. Ya hau katanga neman ƙwallonsa, ya gan ni durƙushe ina kwashe tuwo da mara. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka. In na wuce majalisa sai wani ya maƙale murya ya tafa hannu, a bushe da dariya, a kira ni ɗan daudu. Babanmu ya kira ni zaure, bai ɗaga murya ba, ya ce namiji da murhu ba sa haɗa hanya a gidansa. Daga ranar ban ƙara taɓa muciya a Kano ba. Na ji zafin abin ƙwarai, na kuma ji haushin kaina da na ji zafin.

A shekarar 2010 na samu aiki a Dubai, a wani ɗakin ajiyar kaya da ke Dubai Investments Park, can bayan gari inda babu komai sai masana'antu da gidajen ma'aikata. Ranar da muka sauka wani jami'in kamfanin ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana karɓar fasfo, kamar mai karɓar kuɗin mota. Na tambaya yaushe za a dawo min da nawa, ya ce, “Inshallah, habibi.” Daga baya na gane ma'anar wannan amsa a bakinsa ita ce kada ka ƙara tambaya.

Da yamma yunwa ta kai ni kicin ɗin ma'aikata, na tsaya a bakin ƙofa na saki baki kamar ɗan ƙauye ya ga jirgin ƙasa. Dogon ɗaki ne, murhun gas a jere har ƙarshen bango, kuma a gaban kowane murhu namiji ne. Ga wani ƙaton Bafakistane, ƙirjinsa kamar ƙofar gari, yana murza fulawa yana ɗan waƙa. Ga 'yan Indiya suna kankare kwakwa. Wani dattijo mai carbi a wuya yana yanka albasa yana share hawaye da kafaɗa. Na yi ta waige-waige ina jiran in ga wanda zai yi dariya, babu wanda ya ko ɗaga kai.

A kusurwa na hango wani baƙin mutum kamata yana kokawa da tukunya, yana zagin ta da Hausa. Ɗan Zangon Kumasi ne, daga Gana. Na matsa na leƙa abin da yake tuƙawa, raina ya ɓaci, domin akwai abin da ba na iya gani in yi shiru.

Na ce, “Bawan Allah, tuwo kake tuƙawa ko siminti kake kwaɓawa?”

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Daga jin bakin nan Bakano ne. To malam mai baki, bisimilla.” Ya miƙo min muciyar.

Na karɓa ina cewa ai ni ban iya ba, amma hannuna bai saurari bakina ba. Na rage wuta, na yayyafa ruwa, na danne gudajin a jikin tukunya na shiga juyawa. Shekaru sama da goma rabona da muciya, sai ga shi kamar jiya na ajiye. Da na kwashe ya ɗanɗana, ya ajiye cokali ya ce daga yau shi ne mai wanke-wanke har abada. Haka abotarmu ta fara, kuma ya cika alkawarin wanke-wanken, in ban da ranakun da bai cika ba.

Bayan shekara ɗaya da wani abu sai Allah ya yi min canji. Wani kamfanin kago da ke Al Khabaisi, masu tura kayan 'yan kasuwa zuwa Najeriya, suna neman wanda ya iya Hausa, tsohon kamfanina kuma ya yarda ya sake ni. Ɗan Kumasi shi ma ya samu aikin gadi a wani babban kanti. Muka kama ɗaki da ɗan kicin a Abu Hail, a hawa na biyu, saman wani shagon wanki da guga.

A ɗakin nan muka yi ta gardamar da ba ta ƙarewa, ta wai wace ƙasa ce mutum ya fi sakewa. Shi yana cewa a Kumasi sai ya buga waya gidan rediyo ya wanke minista tas, ya koma gida ya yi barci da minshari. Ni in ce a majalisarmu ta Kano kullum sai mun tsige gwamna mun naɗa wani kafin shayi ya huce. A nan kuwa bakinka alaikum. Ba ka zagin kowa, ba ka ɗaga wa ɗan sanda murya, titi ma in ka tsallaka inda ba a ce ba sai an ci ka tara. Fasfonka yana durowar manaja, bizarka tana ɗaure da ƙafar kamfani, in kuka ɓata da shi kun ɓata da ƙasar gaba ɗaya. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana ci mana rai. Amma ni akwai abin da nake ji a jikina wanda ba na iya sa shi a gardama. Ranar Juma'a da hantsi ina fitowa daga kanti, ledar albasa a hannun dama, sabon ludayi a hannun hagu yana leƙowa, in bi layin Abu Hail tun daga farko har ƙarshe, babu mai tambayar ɗan gidan waye wannan. Bafakistanen da ke guga a ƙasanmu sai ya ɗago ya ce yau me za a dafa, in gaya masa, ya ce a rage masa. Wallahi daɗi nake ji har cikin ƙashina, irin daɗin yaron da aka taso daga makaranta tun kafin tara. Allah ɗaya gari bamban.

Sai dai Kano ba ta da nisa da Dubai yadda taswira ke nunawa. Kullum ofishinmu cike yake da 'yan kasuwar Kwari da Sabon Gari, ana auna kaya, ana ɗaure kwalaye, ana “yalla yalla, a yi sauri, kwantena za ta tashi.” Abin da aka faɗa a Al Khabaisi da safe, kafin magariba an ji shi a Kwari da ƙari. Saboda haka a gabansu ni ma'aunin kaya kawai na sani. In na roƙi wani ya taho min da kuka ko daddawa ko man shanu, sai in ce za a yi mana miya, shi ke nan. Ba su tambaya, ni ma ban ƙara.

A hutuna na biyu na ga yarinyar da zan aura, a bikin wani abokina. Mahaifinta ɗan kasuwar yadi ne a Kwari, dattijo mai ƙarancin magana, wanda in ya dube ka ta saman tabarau sai ka fara tuna laifuffukanka. Manya suka shiga maganar, aka kai gaisuwa, aka sa rana bayan ƙaramar salla. Na koma bakin aiki ina jin duniya sabuwa. Na gaya mata komai game da rayuwata a Dubai, har yadda Ɗan Kumasi ke minshari, amma ban gaya mata ina girki ba.

Ana saura 'yan watanni biki sai mahaifin nata, Alhaji, ya zo saro shadda da leshi, shi da wani abokin kasuwancinsa, suka sauka a wani otal a Deira. Na je na gaishe shi kamar yadda ya kamata, na cire takalmi tun daga bakin ƙofa, na durƙusa can nesa, idona a kan kafet. Ya amsa, ya sa albarka, na fito ina gumi. Tsakanin mutum da surukinsa ai iyakar hirar ke nan.

Bayan kwana biyu yarinyar ta kira ni muryarta a dame. Ta ce Baba tun da ya sauka bai ci abin kirki ba, mai da yajin shinkafar Indiyawa sun yi masa yawa, cikinsa ya ƙi, shayi da burodi kawai yake sha, ga shi yana shan maganin hawan jini. Ta ce ko akwai abin da zan iya yi. Ni kuwa abin nema ya samu. Na tashi daga aiki na wuce kicin, na tuƙa tuwon masara mai laushi, na kaɗa miyar kuka da naman rago, na zuba man shanu, na malmala tuwon ɗaiɗai na jera a kula. Na kai otal na durƙusa na ce, “Baba, ga ɗan abinci.” Washegari aka dawo min da kular kamar an lashe ta.

Nan fa kaina ya kumbura. Na yi miyar kuɓewa busasshiya, na yi ɗanwake, na yi dambu da zogale. Ɗan Kumasi yana wanke tukwane yana cewa, “Bakano, ka rage gwaninta. Wanda ke ɓuya ba ya tari.” Na ce ya yi wanke-wankensa ya bar masu sana'a su yi sana'a.

Abokin tafiyar Alhaji mutum ne mai baki, irin waɗanda ba sa ganin rami su wuce sai sun zura sanda. Ranar da na kai dambu ya tare ni a falon otal yana sakace. Ya ce shi fa shekara da shekaru yana zuwa garin nan, duk wani gidan abincin 'yan Najeriya da ke Deira ya san shi ya san mai shi, babu inda ake irin wannan malmala. A ina nake sayowa?

Na ce, “Ai ba na saye ba ne, Alhaji. Daga gida ne.”

“Gidan wa?”

“Inda nake zaune.”

Ya cire tsinken daga bakinsa ya ce, “Ikon Allah.” Ni kuma don wauta na ɗauka yabo ne, na tafi ina murmushi.

Washegari kular ta dawo da nauyinta, ko buɗe ta ba a yi ba. Ban gama mamaki ba sai ga wayarta, tana kuka har ba na gane maganar. Da ƙyar na tsinci zancen. Baba ya kira Hajiya, mahaifiyarta, ya ce a dakata da duk wani shirin biki. Ya ce abincin da nake kai masa hannun mace ne, macen ma Bakanuwa, kuma da bakina na ce daga ɗakina yake fitowa. Gwauro a ƙasar mutane, da mace a ɗaki tana tuƙa masa tuwo, ba sai an yi wa kowa fassara ba. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai ajiye dadiro ba.

Na ajiye waya na shiga faɗa ni kaɗai. Na zagi mai tsinken sakace, na zagi dambu, na zagi kaina. Ɗan Kumasi da ya ji labarin sai ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki, yana dariya har da hawaye. Na ce in bai rufe min baki ba zan kwaɗa masa tukunya.

Ya share ido ya ce, “To mene ne abin wahala? Ka ce kai ka dafa.”

Na kau da kai gefe.

Ya daina dariyar ya dube ni sosai. “Tsaya. Kana nufin gara a ce kana da mace a ɗaki da a ce ka iya tuwo?”

Gaskiyar magana, sai da na auna su biyun a raina, kuma na ɗan jima ina aunawa. Na hango majalisar unguwarmu, na ji muryar nan da ake maƙalewa, na hango 'yan Kwari suna nuna ni da baki ranar ɗaurin aure. Ashe duk sakewar da nake taƙama da ita a layin Abu Hail, tsoron nan yana nan a ƙirjina, ya biyo ni ba tare da ya nemi biza ba. Amma da na tuna kukanta sai na ji kunya ta rufe ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗauki waya na kira ta.

Na ce, “Ni ne.”

Ta ce, “Kai ne me?”

“Ni nake dafawa. Babu wata mace. Tuwon, da miyar, da dambun, duk ni ne.”

Na duba waya ko layin ya yanke. Can sai na ji wani sauti, na rasa kuka ne ko dariya, ashe duka biyun ne. Ta ce, “Dambun da Baba ya ce ya fi na Hajiya?” Na ce shi. Ta ce ita ta yarda, domin babu namijin da zai ƙirƙiro wa kansa irin wannan ƙarya. Amma Baba ba zai yarda da baki ba, zai ce dabara ce ta wanda aka kama.

Gani ya kori ji. Sai dai yaya zan dubi surukina in ce ya zo ya kalle ni ina girki? Bakina ba zai iya ba. Ɗan Kumasi ya ce shi nasa zai iya. Muka je otal tare, na durƙusa a inda na saba, shi kuwa ya gaisa ya zauna a kujera abinsa, ya yi bayani tiryan-tiryan da Hausarsa ta Zango wadda ba ta san kwana ba. Ya ce shi ne abokin zamana, ɗakinmu ko kazar mace ba ta taɓa shiga ba, kuma in Alhaji yana son ganin mai tuwon, ya zo gobe bayan sallar Juma'a. Alhaji ya dube shi ta saman tabarau, ya dube ni, ya ce zai zo, don kada ya yanke hukunci da zato. Na roƙi Allah a raina kada ya taho da mai tsinken sakace, Allah kuwa ya amsa.

Da aka sauko daga masallaci Ɗan Kumasi ya taho da shi a tasi. Ya hawo bene a hankali, babbar rigarsa fara fat tana ƙamshin turare. Ya tsaya a tsakar ɗakin ya dubi gadaje biyu, ya dubi takalman da ke bakin ƙofa, ya dubi abin da ke rataye a ƙusa. Ban ga laifinsa ba, ni ma da 'yata ce haka zan yi. Aka ajiye masa kujera a bakin kicin ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Na naɗe hannun riga na kunna gas. Naman na riga na dafa shi tun safe, saura tuwo da kaɗa miya. Ruwa ya tafasa, na dama gari na yi talge, na rufe. Ina jin idonsa a tsakiyar bayana kamar an ɗora min dutsen guga. Da talgen ya nuna na fara zuba gari ina tuƙawa. Garin ya zubo da yawa lokaci guda. Ina kallo tuwon ya fara gudaji, ni da ban taɓa yin gudaji ba tun ina yaro. Gumi ya karyo min. Na ce shi ke nan, yau zai tashi ya ce ga maƙaryaci, ya kasa ko tuƙin farko, aurena ya tafi a kan cokali biyu na garin masara.

Sai na ji murya a bayana, a hankali. “Rage wutar.”

Na rage.

“Yayyafa ruwa kaɗan. Ka danna shi a jikin tukunya, kada ka bi shi da zagaye.”

Na san haka, ni na koya wa Ɗan Kumasi haka, amma tuwon ya ƙi. Sai na ji kujera ta motsa. Alhaji ya miƙe, ya tattare babbar rigarsa ya aza a kafaɗu, ya cire agogo ya miƙa wa Ɗan Kumasi, ya ce da ni, “Kawo nan. Riƙe min kunnen tukunyar.”

Na sa tsumma na riƙe. Dattijon nan ya kafa ƙafa ya shiga tuƙi, yana danna muciya yana juyowa, tuwon yana bin hannunsa. Ba tuƙin ɗan koyo ba ne. Kanmu ya kusa haɗuwa a kan tukunya, tururi yana dukan fuskokinmu, tabaraunsa ya yi hazo bai damu ba. Yana tuƙi yana magana, ba ni yake kallo ba, tukunyar yake kallo. Ya ce yana saurayi yaron wani falke ne, suna bin motocin goro daga kudu zuwa Kano. In aka ya da zango shi ke dafa wa ayari gaba ɗaya, a tukunyar da ta ninka wannan sau uku, da itace jiƙaƙƙe. Ya ce ranar da ya buɗe rumfarsa a kasuwa ya ajiye muciya, don kada a raina shi.

Ya ce, “Rabona da ita tun kafin a haifi wadda kake nema.” Ya ɗaga muciyar ya duba, tuwon ya yi sumul babu ƙulli ko ɗaya. Murmushin da na gani a fuskarsa ban taɓa zaton yana da irinsa ba.

Muka rufe ya turara. Ya koma kujerarsa yana haki kaɗan, ya ce, “Tuƙi kowa ya yi tafiya ya iya. Miya da malmala nake son gani.”

A lokacin tsoron ya riga ya sake ni. Na jefa daddawa a romon naman, na bar ta ta saki jiki, na sauke wutar ƙasa, na ɗauki maburgi ina barbaɗa kuka da hannun hagu ina kaɗawa da na dama har ta yi yauƙi. Na zuba man shanu, ƙamshi ya cika ɗakin ya fita ta taga, har mai guga ya ƙwala kira daga ƙasa yana tuna min a rage masa. Na jiƙa ƙoƙo na ɗebo tuwo na juya shi, na juya, na kife a faranti. Na yi na biyu, na yi na uku. Alhaji ya jawo farantin ya dubi malmalar ta kowane gefe. Ya wanke hannu, ya gutsura, ya dangwali miya ya kai baki. Ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya gyaɗa kai.

Ya ce, “Ita ce.”

Na yi hamdala a raina. Ɗan Kumasi ya shimfiɗa ledar cin abinci a ƙasa, ya jera kwanuka. Ni kuma na juya zan koma kicin in rufe ƙofa, domin ko a mafarki ban taɓa ganin kaina ina cin abinci a gaban surukina ba.

Alhaji ya ce, “Ina za ka?”

Na ce, “Zan ɗan gyara kicin, Baba.”

Ya ce, “Dawo ka zauna. Mutumin da ya riƙe min tukunya ina tuƙi, wace kunya kuma ta rage? In mun koma Kano ka ci gaba da ɓuyanka.”

Na zauna a gefen ledar, na sa hannu a kwano ɗaya da shi. Ɗan Kumasi yana ci yana ba shi labarin simintin da na same shi yana kwaɓawa, Alhaji yana dariya har yana ƙwarewa. Ni dai ina zaune ina jin wani farin ciki yana cika min ƙirji, ina ta sunkuyar da kai don kada a ga idona ya kawo ruwa.

Da ya ci rabin malmala ta biyu sai ya goge hannu ya ciro waya ya kira gida, a gabanmu.

“Hajiya, a ci gaba da shiri, rana tana nan yadda aka sa.” Ya saurara. Muna jiyo muryarta sama-sama tana jero tambayoyi. Ya ce, “Na gan ta. Da idona na gan ta, ga ta nan ma a gabana.” Ya dube ni ta saman tabarau. “Ba ta da laifi, sai dai gemu gare ta. In na dawo na yi miki bayani.”

Ya kashe wayar ya mayar aljihu. Sannan ya rage murya ya ce, “Naka girkin dole in faɗa, don shi ne hujja, kuma duk wanda ya yi maka dariya a Kwari ka turo min shi. Nawa tuƙin kuwa, ba sai Hajiya ta ji ba.”

Na ce, “To, Baba.”

Ya turo kwanonsa gabana ya ce in ƙara masa miya.